Man fetur ya wuce, mai albasa ya tsaya: yadda siyasar iyakoki ke juya rayuwar fatake da ƴan ci-ranin Nijar

Ranar Lahadi 7 ga watan Yulin 2019, birnin Yamai ya cika ya batse da baƙi. An gyara filin jirgin sama na Diori Hamani, sababbin otel-otel sun tashi, an share tituna, duk saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka inda aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar, wadda aka fi sani da ZLECAf. Shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, shi aka ɗora wa jagorancin shirin. A ranar ne kuma shugaban Najeriya Muhammadu Buhari, wanda ya daɗe yana jan ƙafa, ya sa hannu a kan yarjejeniyar, aka yi ta tafi.

Ba a cika mako bakwai ba, ranar 20 ga Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ta ce don yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, man fetur da makamai. Motocin kaya suka yi layi a Ɗan Isa, a Birnin Ƙonni, a Mai Mujiya. Ba a fara buɗewa ba sai a Disambar 2020, bayan wata goma sha shida. Ina ɗalibin makarantar koyon aikin jarida a lokacin, kuma na tuna yadda tsofaffi a Maraɗi ba su nuna mamaki ba ko kaɗan. Sun ga irinta a 1984, lokacin da mutumin nan dai, yana sanye da kakin soja, ya rufe iyakar ana tsakiyar fari, har yunwar shekarar ta samu sunan da ake kiranta da shi har yau: El-Buhari.

Ƙasar da ba ta da teku, iyaka ita ce kasuwarta, ita ce kuma hanyar neman abincin ƴaƴanta. A ofisoshi ana raba maganar gida biyu, ciniki daban, shige da fice daban, kowanne da ministansa da taronsa. A tasha babu wannan rabon. Motar da ta ɗauki albasar Galmi zuwa Kumasi ita ke ɗaukar yaron da zai je talla a can. Shi kuma yaron, kuɗin da zai aiko ta Nita ko Al Izza su ne jarin shagon yayansa a Madawa. Duk dokar da ta taɓa ɗaya sai ta taɓa ɗayan.

Takardar kaya da takardar mutum

Akwai wani lissafi da ba a cika ambata ba. A shekarar 2018 Tarayyar Afirka ta gabatar da yarjejeniyoyi biyu kusan tare: ta cinikin kaya, da ta ƴancin zirga-zirgar mutane. Ta kaya ta samu amincewar ƙasashe fiye da 45. Ta mutane, wadda ke buƙatar ƙasashe 15 kafin ta fara aiki, ƙasashe huɗu kacal suka tabbatar da ita: Mali, Ruwanda, Sao Tome, sai Nijar. Gwamnatocin Afirka sun yarda buhun siminti ya tsallaka iyaka, amma suna ɗari-ɗari da birkilan da zai yi ginin.

Muna yawan kukan yadda Turai ke mana, kuma kukan yana da hujja. Matashin da ke neman bizar Schengen yana biyan yuro 90, kusan jika 59 na sefa, kuma idan aka hana shi ba a maida masa ko dala. Yuraniyom ɗin Arlit ya shafe shekaru fiye da hamsin yana shiga Faransa ba tare da kowa ya tambaye shi shaidar cewa zai dawo gida ba. Amma mafi yawan ƴan Nijar da ke fita ba Turai suka nufa ba. Najeriya, Libiya, Aljeriya, Ghana, Kodebuwa, Benin da Togo: nan mutanenmu suke, a can ne kuma dokoki ke cizon su.

Darasin Agadas

Babu inda aka gwada raba mutum da kaya ƙarara kamar Agadas. Tun zamanin ayarin raƙuma garin ke rayuwa da masu wucewa. Da yawon buɗe ido ya mutu bayan tawaye da matsalar tsaro, Gaddafi kuma ya faɗi a 2011, jigilar matafiya zuwa Libiya ta zama babbar sana'ar garin. Kowace Litinin motocin Hilux kan fita a jere, cike da mutane da jarkokin ruwa, su bi rakiyar soja zuwa Dirku. Ba a ɓoye ake yi ba. Direba na ci, mai gidan saukar baƙi na ci, mai sayar da rawani da tabarau da jarka na ci, mai tuwo na ci, ma'aikatar magajin gari na karɓar haraji. Motocin nan kuma ba sa dawowa wayam, suna shigo da taliya, man girki, barguna da sauran kayan Libiya, waɗanda ke isa har kasuwannin Damagaram da Tawa.

A watan Mayun 2015 majalisar dokoki ta amince da doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Gwamnati na da nata dalilin na cikin gida: a Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara daga yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. Abin ya girgiza ƙasar. Sai dai dokar ta yi barci fiye da shekara guda. Ba ta farka ba sai a 2016, bayan taron Valletta na Nuwamban 2015, inda Tarayyar Turai ta kafa asusun gaggawa na hana ƙaura, Nijar kuma ta shiga sahun ƙasashen da suka fi samun kuɗinsa.

Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci aka jibge su a barikin soja rana na dukansu. Alƙaluman hukumar OIM sun nuna masu wucewa zuwa arewa ta wuraren da take ƙirga sun sauko daga fiye da 330,000 a 2016 zuwa kusan 70,000 a 2017. A Brussels an yi murna da wannan lissafi. Amma OIM tana ƙirga waɗanda suka bi babbar hanya ne. Direbobin da suka ci gaba da aikin sun kauce wa rijiyoyin da jami'an tsaro ke tsare da su, suka ratsa Tenere ta hanyoyin da babu ruwa, babu kuma mai ceto idan mota ta mutu. Kuɗin tafiya ya ninka. Wanda ya hango jandarmomi yakan zubar da fasinjojinsa ya tsere.

Abin da ya fi ci wa mutanen Agadas tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin fasinjojin nan ƴan ƙasashen CEDEAO ne, masu ƴancin yawo a ko'ina cikin Nijar. Ɗan Gambiya da ke tsaye a tashar Agadas bai karya wata doka ba, yana nesa da iyakar Libiya da kusan kilomita dubu. Amma direban da ya ɗauke shi ya zama mai laifi tun daga bakin gari. A aikace, iyakar Turai ce aka kawo aka kafa a Agadas. An yi wa tsofaffin masu sana'ar alkawarin jarin miliyan ɗaya da rabi kowanne don su canza aiki. Fiye da mutum 6,000 suka yi rajista, ƴan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko.

Ranar 25 ga Nuwamban 2023, wata huɗu bayan juyin mulki, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar, aka shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta. Agadas ta yi guɗa, Turai ta nuna damuwa. A ganina an gyara kuskure ne, domin dokar da ke maida halaliyar gari guda laifi don biyan buƙatar wasu ba za ta ɗore ba. Amma soke ta bai gyara abin da ke jiran matafiyi a gaba ba. Libiya tana nan da gidajen tsare mutane don karɓar fansa, Bahar Rum yana nan yana ci.

Aljeriya ma tana nan. Jami'anta kan kwaso baƙi daga Oran, Aljas da Tamanrasset, su sauke ƴan sauran ƙasashe a wani fili da ake kira Point Zéro, su bar su su taka kusan kilomita 15 a cikin rairayi zuwa Assamaka. Ƴan Nijar kuma ana kawo su cikin manyan motoci, bisa wata yarjejeniya da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum fiye da 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. A watan Fabrairun 2025, ministocin Aljeriya, Nijar da Najeriya suka zauna a Aljas suka sake sa hannu kan takardun bututun iskar gas da zai ratsa hamadar nan zuwa Turai. Wanda ya yi shekara biyu yana kwaɓa siminti a Tamanrasset aka koro shi ba ko kuɗin aikinsa, ba ya cikin ajandar irin wannan zama.

Gadar Gaya

A kudu labarin ya juya: nan kaya ne aka tsayar, mutane suka ji a jikinsu. Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan hamɓarar da Mohamed Bazoum, CEDEAO ta rufe iyakokinta da Nijar. Najeriya ta yanke wutar lantarki, wadda a lokacin ke biyan kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatar ƙasar. Kafin nan kusan kashi 80 na kayan da Nijar ke shigowa da su ta tashar ruwan Kwatano suke bi, su tsallaka gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Dare ɗaya aka tokare gadar da kwantenoni. Motocin albasa da suka nufi Ghana suka maƙale har kayan suka ruɓe, manomin Galmi ya yi asara, mai miya a Akra ta ga farashi ya yi tashin gwauron zabo. Magani da shinkafa suka yi tsada a Yamai.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyaka da Najeriya ta buɗe a watan Maris. Benin ta buɗe ɓangarenta, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe, suna zargin cewa akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin da ake shirya wa Nijar makirci, zargin da Kwatano ke musantawa. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin jerin gwano da rakiyar soja. Hanyar ta fi tsawo, ta fi tsada, kuma direbobi sun rasa rayukansu a kanta a hare-haren ƴan bindiga. Kowane kwana da mota ta yi tana jiran rakiya, mai sayen shinkafa a kasuwar Dole ne zai biya shi.

Mutane kuwa ba su daina tsallakawa ba. A sauka daga bas a Gaya, a hau babur zuwa bakin kogi, a shiga kwale-kwale, a sake neman wata motar a Malanbil. Ɗalibai, majinyata, ƴan kasuwa, mata masu goyo, kowa da kayansa a ka, kowane mataki da kuɗinsa. Masu jirage sun samu sana'a, Allah Ya ƙara buɗi. Amma a cikin wannan lokacin ne, a 2024, ɗanyen man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme ta Benin. An samu tsaiko, an yi cacar baki, an ma kama wasu ƴan Nijar a tashar, amma daga baya jiragen ruwa suka ci gaba da lodi. Inda kuɗin gwamnatoci biyu da na kamfanin Sin suka haɗu, an samo mafita. Gada dai ta ci gaba da zama a rufe har cikin 2025.

Gaskiya ɗaya ce, mu ma muna rufewa idan ta kama mu. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi irin su gero, dawa, masara, shinkafa da wake, sai zuwa Mali da Burkina. Gabanin babbar sallar 2025 aka hana fitar da dabbobi don ragon layya ya yi sauƙi. Ma'aikacin da ke Yamai ya ji daɗi. Makiyayin da ya shekara yana kiwata raguna don kasuwar Abijan ko Kano, lissafinsa daban ne. Hujjar gwamnati ita ce ciyar da gida tukuna, kuma hujja ce da ake iya fahimta. Ita ce dai hujjar da Abuja ta bayar a 2019.

Bayan CEDEAO: ina aka kwana?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa a zaurukan WhatsApp na ƴan Nijar mazauna waje. Nijar, Mali da Burkina sun sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka fara aiki da fasfon AES. Abin da ke cikin haɗari shi ne yarjejeniyar 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, da kuma tsarin da ya yafe kuɗin duwan a kan amfanin gona, dabbobi da kayan da aka sarrafa a yankin.

Akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe. Nijar ba ta fita daga UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da sefa, ita ma kuma yarjejeniyarta ta tanadi ƴancin zirga-zirga da zama. Don haka mai gadi a Abijan, mai sayar da atamfa a Lome ko mai shayi a Kwatano yana da wata inuwar ta biyu. Inda babu wannan inuwa shi ne Najeriya da Ghana, wato daidai wuraren da Hausawan Nijar suka fi yawa, kuma manyan masu sayen dabbobinmu, wakenmu da albasarmu.

Tarihi ya nuna abin da kan faru idan babu takarda mai ƙarfi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, zango-zango suka watse, mutane suka bar gidaje da rumfunan da suka yi shekaru suna ginawa. A Janairun 1983 Najeriya ta Shagari ta kori baƙi da aka ƙiyasta sun kai miliyan biyu, duk da cewa an riga an sa hannu kan yarjejeniyar 1979. Ko a cikin CEDEAO, dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe ƙananan sana'o'in kasuwa ga ƴan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son buɗe harkar saye da sayarwa jarin dalar Amurka miliyan ɗaya. Da ita aka riƙa garƙame shagunan ƴan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. A Mayun 2025 jami'an shige da fice na Ghana sun kwashe mutum fiye da 2,000 masu bara a titunan Akra, galibinsu ƴan Nijar. Maganar bara magana ce mai ɗaci da ya kamata mu yi wa kanmu, amma ta nuna yadda ake iya cika motoci cikin yini guda.

Na sha tsallaka iyakar Ɗan Isa zuwa Jibiya tun ina yaro, hannuna cikin na kawuna, don zuwa biki wurin dangi a Katsina. Ban taɓa sanin akwai wata yarjejeniya ba. Abin da na sani shi ne shingaye, da hannun da ake miƙowa ta tagar mota, ko kana da katin ɗan ƙasa ko ba ka da shi. Shi ya sa wasu matasa ke cewa ficewar ba ta canza komai ba, dama can biya ake yi. Suna da gaskiya ta wani gefen: iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, wadda ta ratsa gonaki da dangi, ba mai iya kulle ta. Amma mai babur da ke bin hanyar daji da buhu biyu daban, mai tirela ɗauke da shanu daban. Ɗalibar da ke karatu a Sakkwato, telan da ke son hayar shago da sunansa a Kano, ɗan kasuwar da ke son asusun banki a Akra, waɗannan takarda suke buƙata. Kuma ranar da jami'i ya san ba ka da wata doka a bayanka, abin da zai nema ta taga ba zai tsaya inda yake ba.

Su ma ƙasashen AES sun fara gina nasu bangon. A Maris 2025 sun sanya harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen, don samun kuɗin gudanar da shi. Tun kafin nan sun ce ƴan CEDEAO na iya ci gaba da shigowa ba biza, tare da riƙe ikon hana wanda ba su yarda da shi ba. A can ƙetaren iyaka kuma ana ci gaba da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, lokacin da ƙasashen biyu ke cikin ƙungiya ɗaya. Wace takarda fasinjan jirgin zai nuna a Jibiya, wane haraji buhun wake zai biya, duk suna cikin abubuwan da tattaunawar AES da CEDEAO za ta yanke.

A yanzu dai abin da ke riƙe da ɗan Nijar a Legas ko Kumasi sanarwa ce da hukumar CEDEAO ta fitar ranar 29 ga Janairun 2025. Ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarin ƙungiyar daga hannun ƴan ƙasashen uku, su bar musu ƴancin shiga da zama ba biza, su kuma ci gaba da karɓar kayansu bisa tsohon tsari. Sanarwar ta ce wannan zai ci gaba ne har sai an fitar da wata, ba ta kuma sa rana ba.